Azurfa Bakwai ta Inna Maiturare

Kullum da hantsi, in an gama karyawa, Inna Maiturare takan jawo tabarmarta bakin ƙofar ɗaki ta zauna, ta kwance wani tsumman saƙi da take ɗaurawa a ƙugu, ta shimfiɗa shi a cinya. Shekara huɗu ke nan da idonta ya rufe ruf. Abin da ya rage mata na kallo a duniya, a cikin tsumman nan yake, kuma da yatsu take kallonsa.

Azurfa ce guda bakwai, irin kuɗin da. Huɗu liyari ne, manya masu nauyi, gabansu kan wata mata mai yalwar gashi, bayansu tsuntsu mai kai biyu. Uku kuwa fataka ce ta zamanin Turawa, mai bishiyar kwakwa. Daga hannun mahaifiyarta ta same su. Ba a taɓa huda su ba kamar waɗanda matan Fulani ke jerawa a kitso, ba a kuma taɓa goge su da toka ba, don uwarta ta hana. Sun yi baƙi abinsu. Kowacce ta san ta. Akwai mai ɗan giɓi a baki, akwai wadda fiffiken tsuntsunta ya lotsa, akwai wadda in ta sa farce sai ta bi gashin matar sili-sili. Ta ƙarshe, wata fataka da take kira Auta, ganyen bishiyarta har yanzu da kaifi, kuma a gindin bishiyar akwai wani ɗan tudu kamar ƙwayar gero. Duk gidan an san Hasana, 'yarta da ke aure a Mashi, ita ta yi wa alkawarinsu.

A gidan ɗanta Mansur take zaune, nan cikin Daura. Shi ne ɗan fari, saboda haka tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai yaron nan", ko da yake ya haura arba'in, yana da shagon kayan babur, yana kuma leƙa Kongolam ranar kasuwa.

Wata safiya ya zo ya durƙusa kusa da ita, abin da ba ya yi. Ya gaishe ta ya ƙara gaishe ta, ya ce ta ba shi ya ga kayan kaka. Ta ji daɗi har cikin ranta. Ta riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya tana gaya masa halin kowacce, tana jin wayarsa tana ƙyas, ƙyas. Ta ɗauka hoton tunawa yake ɗauka.

Bayan kwana tara, ranar wata Talata, Rauda matarsa ta kai ta wanka kamar yadda aka saba, ta bar tsumman ƙarƙashin matashi. Da ta fito ta zauna a hantsi ta kwance, yatsanta ya sauka kan mai giɓi, sai ya ji babu giɓi. Ta juya ta, ta sake juyawa. Fuskar matar sumul, kamar an lashe. A saman kan akwai wani ɗan kumburi, inda aka taɓa hudawa aka cike. Ta sake ta a kan daɓe. Tata takan yi ƙara mai tsawo, siririya. Wannan ta ce ƙwas, ta yi shiru.

Ta kira Rauda ta ce an canja mata guda. Rauda ta zo ta tsaya a kanta, ta ce ga su nan bakwai cif, ita ba ta ga abin da ya canja ba. Da Mansur ya dawo da azahar aka gaya masa. Ya yi 'yar dariya mai taushi.

"Haba Inna. Mu masu ido mun ga bakwai, ke kin ce ba haka ba. Ki kwantar da hankalinki, zafin nan ne."

Ba ta ce shi ya ɗauka ba. Ko a zuci ba ta yarda ta faɗa ba. Ta dai ce an canja.

Kafin damina ta sauka, an canja uku. Duk ranar da ta ji baƙuwa a cikin tsumman sai ta faɗa, duk ranar da ta faɗa sai muryoyin gidan su ƙara laushi, irin laushin da ake yi wa mara lafiya. Rauda ta fara ba maƙwabta labari ta kan katanga, a gabanta, kamar ba ta wurin. Wai tsufa ya fara taɓa Inna. Wai jiya ta ce an sace mata kuɗi alhali suna hannunta. Matan unguwa da suka saba shigowa su zauna a tabarmarta su tambaye ta haɗin turaren wuta, sai suka koma gaisuwa daga tsaye. Wata ma da ta shigo, sai ta ɗaga murya tana tambaya ko Inna ta gane ta. Inna ta ce ta gane ta tun daga takunta a zaure, ta kuma faɗi sunanta da na uwarta. Matar ta ce wa Rauda a hankali, ai haka abin yake, yana zuwa yana tafiya.

Inna ta sa ranta ga zuwan Hasana. Ta tabbata ita za ta gane, don a cinyarta ta girma tana wasa da azurfar nan. Ranar da ta zo, Inna ta ji tsayuwar babur, ta ji sallamarta, amma ta daɗe ba ta shigo ba. Yayanta ya tare ta a zaure. Da ta shigo muryarta na rawa, ta riga ta sha kuka. Inna ta kwance tsumman da sauri ta ɗora mata a hannu, ta ce ta duba da kyau.

Hasana ta duba. Rabonta da ta riƙe su tun kafin aurenta. Ta ga azurfa bakwai, huɗu manya uku ƙanana, wasu ma sun fi yadda ta san su haske.

"Inna, ga su nan duka. Babu wanda ya taɓa miki. Ki riƙa yawan salati."

Inna ta karɓi tsumman ta ƙulle. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Daga nan abin ya riƙa gangarawa. Aka kawo wani malami ya yi mata hayaƙi har ta yi ta tari, ya ce tsohuwar azurfa takan zama mazaunin iska, a yi hattara. Mansur ya sayo wasu ƙwayoyi a kemis, aka riƙa murƙushe mata a koko. In ta sha sai kanta ya yi nauyi, harshenta ya kakkarye, ta wuni tana gyangyaɗi. Rauda kuma ta samu abin nunawa, ga shi magana ma ba ta fita daidai. Sai aka ce surutunta na damun baƙi, aka kwashe shimfiɗarta daga ɗakin da ta shekara goma sha ɗaya a ciki, aka mayar da ita ɗakin ajiya da ke jikin zaure. Buhunan dusa ne a ciki, da tsohon dutsen niƙa da aka daina amfani da shi. Rufin na yoyo ta kusurwa biyu. Aka sa sakata ta waje, wai kada ta fita ta faɗa rijiya.

Abin da ya fi ci mata rai ba sakatar ba ce. Wata rana ta kwance tsumman, ta shafa, ta shafa, sai ta ji ta fara tambayar kanta ko da ma mai giɓin ba ta taɓa yin giɓi ba. Ko da ma haka fuskar matar take, sumul. Mutum nawa ne masu ido suka ce bakwai ne, ita kaɗai makauniya ta ce a'a? Ta ɗaga yatsunta ta taɓa fuskarta da su, ta ji kamar na wata ne. Ta yi kuka marar sauti, ta roƙi Allah in haukan ne ya sa ya zo mata da sauƙi, kada ta zagi kowa.

To, ɗakin ajiyar yana da 'yar taga a sama, ta ɓangaren zaure, wadda aka toshe da kwali. Waɗanda suka mayar da ita can sun manta da tagar. Wata la'asar da ta zubar da kokon ba ta sha ba, sai ta ji Mansur ya shigo zaure yana waya, ya buɗe muryar wayar don yana cin abinci. Wani mutum ne ke magana, mai kaushin murya, Mansur na ce masa Alhaji Dabo.

Mutumin yana cewa shidan da aka kawo masa Kano duk sun yi, masu tara irin wannan kaya a ƙasashen waje sun yaba. Ya ce ita wannan sana'a ba nauyi ake saye ba, lafiyar fuska ake saye. Wadda ta sha hannu ta shafe, sikeli ne nata, a narka a yi zobe. Wadda rubutunta ya fito amma gashin ya kwanta, tana tsakiya. Wadda kuwa ba ta zaga kasuwa ba, komai nata a tsaye, ita ake nema da fitila. Ya ja masa kunne kada a wanke, kada a goge ko da tsumma ne, baƙin nan shi ne shaidar shekarunta. Sannan ya ce saura guda, wadda ya gani a hoto, fataka mai ɗan harafi a gindin bishiya. Ya duba da gilashi, ganyenta ko ɗaya bai kwanta ba. Ita kaɗai ta fi shidan a haɗe.

Mansur ya ce tsohuwar ta daina barin ta a tsumma, bai san inda take ɓoye ta ba, amma a ba shi mako.

Da ya kashe wayar Rauda ta leƙo ta ce ita fa abin ya fara damunta, jiya ta ji Inna na kuka. Mansur ya amsa da baki cike.

"Me na raba ta da shi? Bakwai ta ajiye, bakwai take shafawa. Makaho ina ruwansa da wacce ce wacce? In ta faɗi yau, kashi biyu nawa ne, Hasana ɗaya. Nawa na ɗauka da wuri. Kuma wa ke ciyar da ita a gidan nan?"

Rauda ta ce haka ne kuma, ta ɗauke kwano.

Inna na zaune kan buhun dusa, ta ɗora hannayenta biyu a gwiwa. Abu biyu suka zo mata lokaci guda. Yatsunta ba su yi mata ƙarya ba, lafiyarta ƙalau. Kuma wanda ya yi mata wannan, shi ne wanda ta goya shekara biyu ba ta taɓa kiran sunansa ba don kunya da ƙauna. Ta rasa wanne za ta fara ji.

Auta na cikin kumatunta. Tun ranar da aka canja ta biyar take saka ta a baki in za a kai ta wanka, daga baya ma ta bar ta can, sai in za ta ci abinci ko salla. Ta fito da ita, ta shafa bishiyar, ta shafa ɗan tudun nan kamar ƙwayar gero, wanda yau ta ji ashe harafi ne. Ta daɗe tana shafawa. Sannan ta lallaba ta nemo dutsen niƙa, ta tofa masa yawu, ta barbaɗa 'yar ƙasa, ta kifa Auta a kai.

Kwana uku ta yi tana yi, da rana, lokacin da Rauda ke daka ko ta kunna rediyo. Ta fara da harafin. Ta bi layin shekarar. Ta bi ganyen ɗaya bayan ɗaya. Tana yi tana jin muryar uwarta tana cewa kada a kuskura a goge, tana ba ta haƙuri a zuci. Fatar babban yatsanta ta saɓule. A rana ta uku ta shafa ta ji babu abin da ya rage sai santsi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka zare sakata. Ta ji takun mutum uku. Mansur ya aika an ɗauko Hasana daga Mashi, ya ce mata Inna ta fara saka kuɗi a baki, in ba a karɓe ba za ta haɗiye, kuma ita kaɗai za ta iya lallashinta. Na ukun baƙo ne mai ƙamshin turare. Mansur ya ce babban malami ne daga Kano, ya zo ya yi wa azurfar addu'a, don a jikinta iskar take.

Baƙon ya yi sallama. Inna ta amsa, ta gane kaushin muryar tun daga kalmar farko.

Hasana ta durƙusa ta kama hannunta tana roƙo, Inna ta taimaka ta bayar, don Allah. Inna ba ta yi gardama ba. Ta sa yatsa a baki ta fito da Auta, ta share ta da haɓar zane, ta miƙa wajen da ta ji numfashin baƙon. Ta ji yadda ya karɓa, da yatsa biyu, ta gefe, ba ya taɓa fuskar.

 Ta ji ya laluba aljihu, ta ji ya matsa bakin ƙofa wajen haske. Da ya yi magana, ya manta an ce malami ne.

"Wa ya yi wannan aikin? Mansur, ban ce kada a goge ba? Wannan ta mutu. Sai sikeli."

Mansur ya fizge ya duba, muryarsa ta tashi. Ya ce ga irinta nan, ga abin da yake faɗa, hauka ne tuburan, ta lalatar da dukiya a kan dutse.

"Alhaji," in ji Inna, a hankali, "mai giɓi a baki, daidai ƙeyar matar, ta isa hannunka lafiya?"



Ta ci gaba, ba ta sauri. Ta ce akwai wadda fiffiken tsuntsunta na hagu ya lotsa. Akwai wadda gashin matar ke biyuwa da farce, da ɗan abin maƙale mayafi a kafaɗa mai ƙwayoyi kewaye. Akwai wadda rubutun gefenta ya yi zurfi ta ɓangare ɗaya. Fataka biyu kuma, ɗaya da ƙarce a gemun sarkin, ɗaya bakinta ya ɗan karkace kamar an taka. Ta jera su yadda suka bar ta, da ranar da kowacce ta tafi.

Alhaji Dabo ya yi gyaran murya. Mutum ne da ya shekara talatin yana duban azurfa, kuma baƙin cikin lalacewar fatakar ya riga ya kwance masa baki. Ya ce shi da gilashi ya ga ƙarcen gemun nan, sai da ya duba sau biyu. Ya ce a juya fatakar a gani, gefen sarkin ba a taɓa shi ba, harafin da shekarar da ganyen kaɗai aka bi, wato daidai abin da ake saye.

"Wadda ta yi wannan ta fi mu hankali, ni da kai. Ni dai ce mini ka yi gado ne aka raba."

Hasana ta saki hannun uwarta. Inna ta ji ta ja tsumman daga ƙugunta ta kwance, ta ji ƙarar shidan a tafin hannu. Hasana ta tambayi baƙon waɗannan fa. Ya ce ko dubawa ba sai ya yi ba, irin na tire ne da ake sayarwa a bakin kasuwa, biyu ma ba azurfa ba ne. Ta tambaye shi ina na gasken. Ya ce sun daɗe da haye ruwa, ko shi bai san hannun da suke ba yanzu. Ya nemi takalmansa ya fita, ba addu'a ba sallama.

Mansur ya fara magana da sauri. Ya ce Hasana ta tsaya ta ji, shago ne ya kusa rufewa, kuma ai da niyyar in abubuwa sun daidaita ya sayo wa Inna wasu. Ya ce duk wata ɗawainiya a kansa take, ita tana Mashi ba ta san komai ba. Ya ce maganin ma don ta samu barci ne. Rauda daga tsakar gida ta ce ita da ma ta faɗa masa.

Hasana ta juya masa baya. Ta kifa kanta a cinyar uwarta tana cewa ta yafe mata, ta yafe mata, ita ce ta riƙe su a hannu ta ce ga su nan duka.

Inna ta dafa kanta. Sannan ta juya fuskarta wajen da ɗanta yake tsaye.

"Mansur."

 Hasana ta ɗago. Tun da take ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba, shi ma bai taɓa ji ba.

"Mansur, da ka roƙe ni, da na ba ka. Azurfa ce kawai. Amma ka bi unguwa ka ce na haukace, har ni kaina na yarda."

 Ta miƙa hannu, ya ɗora mata fatakar a tafi, yatsunsa da sanyi.

Da la'asar Hasana ta ɗaure mata kayanta a zane ɗaya. Mansur ya tsaya a zaure yana cewa mutane za su yi magana, a bari ko zuwa jibi, a ce asibiti za a kai ta. Hasana ta wuce shi riƙe da hannun Inna, ta sa ta a mota zuwa Mashi. Shidan nan na bakin kasuwa an bar su a kan dutsen niƙa.

Mansur bai taɓa fita ya gyara maganar ba. Har yau in an tambaya a unguwar, sai a ce ai Maiturare kanta ne ya taɓu, 'yarta ta ɗauke ta, ɗan kuwa ya yi iya ƙoƙarinsa, har malami ya ɗauko mata daga Kano. Ana gaishe shi a masallaci ana yi masa sannu da ɗawainiya, yana amsawa. Ya sake wa shagonsa rufi, ya ƙara kantar jera kaya.

A Mashi kuwa, kullum da hantsi Inna takan jawo tabarma bakin ƙofa, ta kwance tsumman saƙin ta shimfiɗa a cinya. Guda ɗaya ce a ciki. Takan ɗora yatsa inda bishiyar take a da, ta yi ta zagayawa a kan santsi. Hasana ta taɓa cewa a kai wa maƙeri ya yi mata zobe da ita, tunda babu abin da ya rage a jiki. Inna ta ce a bar ta. Ta ce ita ta san inda kowane ganye yake.